Kawu Mai Ɓare Dutse Falle-Falle

Ranar wata Laraba ce a ƙarshen damina, shekara biyu da ƙirƙiro Jihar Katsina. An idar da la'asar ke nan Kawu ya cika a ɗakinsa, a gidan gado da ke Kurfi. Mutum uku ne a kansa: matarsa, wadda muke kira Inna, da mahaifiyata, wadda ƙanwarsa ce, da 'yarsa ta fari, taubashiyata. Ni ina gidan rediyo a Katsina ina gyara labaran yamma. Aka bari sai da na karanta su, sannan aka shigo aka gaya mini. Ko da na isa Kurfi an riga an dawo daga maƙabarta.

Washegari aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Tsofaffin ɗalibansa suka zo daga Dutsin-Ma, inda ya yi shekaru yana koyar da kimiyya. Manoman Rawayau suka zo a kan kekuna. Wani dattijo daga Kutawa ya iso da rediyo ɗaure a cikin tsumma, bai ji labari ba, gyara ya kawo. Da aka gaya masa sai ya zauna ya ɗora rediyon a cinya, ya yi addu'a, bai tashi ba har azahar. Malamin dabbobi, wani Kirista mutumin Filato da ya daɗe yana aiki a Dutsin-Ma, ya cire hularsa ya durƙusa a bakin tabarma yana share ido da ita.

Duk wanda ya gama gaisuwa da 'yan'uwan Kawu sai ya juyo gare ni.

"Kai ne babban maraya," in ji limamin unguwa. "Malam ba shi da abokin zance sai kai. Ko daga masallaci aka fito, sunanka ne a bakinshi."

Na ce Allah ya ba da lada. Haka kowa ya ce, haka na amsa wa kowa.

Gaskiya suka faɗa, iyakar abin da suka gani. Kawu ya yi mini magana fiye da yadda ya yi wa kowa. Abin da ban sani ba, kuma har aka rufe shi ban tambaya ba, shi ne ko a cikin maganar nan duka akwai wadda tawa ce.

Kawu mutumin da ne a kan kunyar ɗan fari. Boko bai rage masa ita ba. Bai taɓa kiran sunan 'yarsa ta fari ba, bai taɓa duban fuskarta ya yi mata magana ba. "Waccan" ce, ko "yarinyar nan". A wurin kakarmu ta tashi a Rawayau, sai da ta gama firamare ta dawo gidansa na Dutsin-Ma don karatun gaba. A shekarar ni ma mahaifiyata ta kai ni gidan. Sa'o'in juna ne mu, kuma abokan wasa, ita 'yar namiji ni ɗan mace, saboda haka tun ranar farko ta raɗa mini "bawa", ba ta kuma sauya ba har ta zama malamar makaranta.

A bayan gidan malamai akwai wani ɗan ɗaki da aka gina don ajiye itace. Nan Kawu ya mayar wurin aikinsa. Ranar Asabar yakan hau keke ya tafi cikin duwatsu, ya dawo da aljihu cike da dutsen nan mai ƙyalli da ake ɓarewa falle-falle, wanda littattafai ke kira maika. Ya sa reza a gefensa ya ɗaga falle ɗaya, ya sake raba wannan fallen, ya sake, har ya zama ana hango yatsa ta cikinsa.

"Dube shi," yakan ce da ni. "Ta tsaye ka sare shi, sai ka gaji. Ta kwance, yaro ma ya raba shi. Abu guda, hali biyu. Duk abin da Allah ya yi hawa-hawa, to ka nemi sirrinsa a tsakanin hawa da hawa."

Daga nan sai ya buɗe bayan rediyo ya nuna wani ɗan abu kamar ƙwayar gyaɗa: ganyen ƙarfe biyu, fallen maika a tsakani, da ɗan sukuru a kai. In ya matsa sukurun kaɗan, tasha ta gusa. In ya sassauta, ta dawo. Ya ce bai sauya ƙarfen ba, bai sauya dutsen ba, tazarar kawai ya taɓa, amma ga muryar da ke fitowa ta zama ta wata ƙasa. Rediyon mutane da yake gyarawa, sau da yawa fallen da ya tsage yake cirewa ya sa wanda aka ɓare a ɗakin nan. Bai taɓa karɓar ko goro ba. In an matsa masa sai ya ce a kawo masa duk dutsen da aka ga yana ƙyalli a gona.

Na ce "wanda aka ɓare". Ba shi ne ke ɓarewa ba bayan shekarar farko. Ya ba ni reza sau biyu, duk biyun na farfasa dutsen na yanke yatsa. Ya yi dariya ya ce in bar shi. Reza ta kwana a kan benci. Da safe muka tarar da falle shimfiɗe a kan takarda, ya fi duk wanda ya taɓa fitarwa sirantaka, ba tsaga ko ɗaya. Ya ɗaga shi a hasken taga ya daɗe yana kallo. Taubashiyata tana tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya. Bai waiwaya ba.

"Gaya wa waccan," ya ce da ni, "in za a yi irin wannan a riƙa wanke hannu tukuna. Ga maiƙo nan a gefe."

Na juya na gaya mata, ko da yake tsakaninsu bai fi taku uku ba. Daga ranar aiki ya rabu. Ita ta samu reza, ni na samu kujera.

Kujerar ba ƙaramin abu ba ce, ban kuma raina ta ba. Mujallun kimiyya sukan iso ɗakin karatun makaranta a makare, wasu sun shekara a hanya. Kawu yakan kwaso su ya ce in karanta da ƙarfi, sannan in mayar da Hausa. In na yi kwana-kwana sai ya buga benci. "Faɗe shi yadda Innarka za ta gane tana tuƙa tuwo." Aikin da nake ci da shi yau, a kujerar nan na koye shi. A nan na fara jin cewa kowace waya tana yi wa lantarki turjiya, shi ya sa take ɗumi. Cewa akwai abubuwan da in aka sanyaya su ƙwarai, turjiyar kan ɓace ɗungurungum, lantarki ya yi ta zagayawa ba ya raguwa. Cewa baƙin dutsen nan mai santsi da ake yin bakin fensir da shi, shi ma falle-falle ne, kuma masana sun cusa wani sinadari tsakanin fallayensa ya koma irin waɗannan abubuwa, amma a sanyin da ya kusa ƙarshen sanyi.

Wannan labarin ne ya kama Kawu, bai sake shi ba har ya mutu. Ya samo dunƙulen baƙin dutsen. Ya sa maƙeri ya yi masa faranti biyu na ƙarfe da noti a kowace kusurwa, don matse abu a tsakani. Ya haɗa batir da mita mai allura. Ya jiƙa fallayen a ruwa iri-iri, ya shanya, ya matse, ya auna. Har kanwar Inna bai bari ba. Ya san ba ita ce sinadarin da aka rubuta ba, ya kuma faɗa da bakinsa, amma ita ce a kusa.

"Malam, miyar yau ba kanwa," in ji Inna daga madafa. "In ta yi tsami ka je ka ci dutsenka."

"A yi haƙuri, ilimi ya ara."

"Ilimin nan bai taɓa maido abin da ya ara ba."

Mafi sanyin abin da ke Dutsin-Ma a lokacin shi ne firjin kananzir na ɗakin shan magani. Yakan roƙo ƙanƙara ya barbaɗa mata gishiri. Allura ta ɗan gusa, ya duba, ya ce, "Sanyinmu bai kai ba." Ba da baƙin ciki yake faɗa ba, kamar mai faɗin cewa yau Talata ne. Maganar ta bi gidan. In tuwo ya yi zafi, in yaro ya faɗi jarrabawa, sai wani ya ce sanyinmu bai kai ba.

A duk wannan, idonsa yana kaina, bakinsa yana kaina. "Ka ga, in an ɗaure notin nan, a bi su gicciye, kada a gama ɗaya kafin ɗaya." "Ka lura, wayar nan a gefen falle za ta zauna, ba a bayansa ba." Ni ban taɓa ɗaure noti ba. Ina gyaɗa kai, hannuwan taubashiyata suna yi. Na kai shekara ashirin kafin in lura cewa in ta tafi Rawayau hutu, Kawu ba ya ce mini komai a kan noti. Sai ya tambaye ni lafiyar mahaifiyata, ya ba ni mujalla, shi ke nan.

Ita kuma nata take gani.

"Bawa, yau sau nawa aka kira sunanka?" takan ce in mun fito. "Ni na ƙirga har na gaji. Ka ba ni aron ɗaya mana."

"Ki ba ni rezar, in ba ki sunan."

"Ka yanke sauran yatsun? Wa zai riƙe wa Baba mujalla?"

Dariya muke yi. Wasan taubasai ya halatta a faɗi irin wannan a yi dariya, shi ya sa muka daɗe muna faɗa.

Rigima ɗaya na taɓa yi da shi, a shekarar da aka ƙirƙiro jiha. Labari ya shigo ɗakin labarai cewa masana a ƙasashen waje sun haɗa wani abu da ke rasa turjiya a sanyin da bai kai na da tsanani ba, sanyin ruwan naitirojin, wato iskar da ake sanyayawa har ta zama ruwa. Ba wanda ya san inda zai kama labarin sai ni. Na fassara, na karanta da kaina, na ji daɗin muryata a ranar. Da Asabar ta zo na tafi Kurfi, inda ya koma bayan ya yi ritaya. Na tarar da shi a zaure, taubashiyata tana gefe tana goge faranti. Lokacin tana koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a Dutsin-Ma, takan zo ƙarshen mako.

Ko gaisuwa bai bari na gama ba.

"Mi ka ce sun ƙera? Ƙarfe?"

"Sabon ƙarfe, Kawu."

"Tangaran ne! Gasa shi ake yi kamar tukunya. Kuma hawa-hawa ne, jan ƙarfe da iska shimfiɗe falle bisa falle, a ƙara abu kaɗan a tsakani ko a rage, hali ya sauya. Abin da na shekara goma sha ina gaya maka ke nan a ɗakin itace. Shi ne kan labarin, shi ka yar, ka ɗauko ƙarfe ka ba mutane."

Na ce minti ɗaya aka ba ni, kuma mai sauraro a ƙauye kamar Kuki ba ruwansa da falle. Ya ce mai sauraro a Kuki ya fi ni sanin falle, tun da shi yake kawo dutsen. Na ce aikin rediyo daban, aikin aji daban. Ya gyara zaman hularsa, sannan ya ce a hankali:

"Da ka tambayi waccan kafin ka hau."

Ba ta ɗago kai ba. Tsumman da ke hannunta ne ya tsaya, sannan ya ci gaba. Na koma Katsina a ranar ban ci abincin Inna ba. Wata biyu ban je ba. Shi ya aiko da direban motar kasuwa ya ce in zo ranar Asabar da na'urar ɗaukar magana, an samu sanyi.

Malamin dabbobi ne ya samo. A wurin aikinsu ana ajiye irin bijimai, wato maniyyinsu na yi wa shanu barbara, a cikin wani tulun ƙarfe mai ruwan naitirojin. Shekarun baya, lokacin da matarsa ta yi doguwar jinya, Kawu ne ya riƙa kwasar 'ya'yan mutumin zuwa gidanmu su ci su kwana, Inna ta yi musu kitso da wanki, har uwar ta tashi. Mutumin bai manta ba. Da ya gama zagayen garkunan wajen Kuki, irin ya ƙare, sauran ruwa kaɗan a gindin tulu, sai ya biyo da shi ta Kurfi.

Da hantsi ne. Zaure ya cika da maƙwabta. Aka tsiyaya ruwan a kwanon sha, ya hau tafasa shi kaɗai, farin tururi ya gangaro yana bin ƙasa yana lasar ƙafafun mutane. Wani tsoho ya janye ƙafarsa yana a'uziyya. Malamin dabbobi ya tsoma ganyen zogale da awartaki, ya fitar, ya murza, ya ruguje kamar kwalba. Sannan aka kawo naɗin wayar jan ƙarfe da aka haɗa da batir da ƙwan tocila. Ƙwan yana ja-ja kamar zai mutu. Taubashiyata ta tsoma naɗin. Ƙwan ya yi fari, ya haska bangon zaure duk da hasken rana. Kawu ya yi salati.

"Ka gani? Turjiya ce ta ragu. Ragewa ta yi, ba ɓacewa ba. Yanzu a kawo namu."

Ruwan yana ƙarewa a kan idonmu. Ta ɗauko faranti da baƙin fallen a tsakani, ta saukar da shi a kwanon. Kawu ya durƙusa gaban mita.

"Gaya mata ta ƙara matse na dama."

Na gaya mata.

"Gaya mata ta jira tafasar ta kwanta."

Ina gyara zaren na'ura, ban yi saurin faɗa ba. Da na ɗago, ta riga ta jira, ta riga ta kai hannu ga noti na gaba, wanda bai ma ambata ba tukuna. Allura ta gusa kaɗan ta tsaya, nesa da sifili. Ruwan ya kusa ƙafewa. Na ga Kawu ya juya gaba ɗaya ya fuskance ta, bakinsa ya buɗe.

"Ke..."

Inna tana leƙe daga ƙofar cikin gida. Sai ya mayar da fuskarsa gare ni.

"A ce ta bar shi haka nan. Ya isa."

Kwanon ya bushe. Kawu ya tashi ya karkaɗe gwiwarsa, ya yi wa malamin dabbobi godiya har sau uku. Ya ce yau dai sanyi ya zo har gida, dutsenmu ne ba shi ba ne, kuma sanin haka ma ilimi ne. Abin da ake gasawa a can, ya ce, sinadaransa ba a sayar da su a kasuwar Kurfi.

Da la'asar ya raka ni bakin hanya neman mota. Muna tsaye a gindin wata bedi ya yi maganar da ba umarni ba ce, ba kuma bayani ba. Ina tsammanin zancen rigimarmu zai ɗauko. Ba shi ya ɗauko ba. Zancen taubashiyata ya yi, alhali ba ta nan. Mota ta zo na shiga. Ban kai saƙon ba, don bai ce in kai ba; wannan karon kaɗai bai fara da "gaya mata" ba.

Bai sake samun sanyi ba. Ciwon ƙafa ya zaunar da shi, daga baya na ƙirji. Ya ci gaba da gyaran rediyo daga kan tabarma, ita tana ɓare masa fallen.

Ranar addu'ar arba'in, bayan an watse, na shiga cikin gida in yi wa Inna sallama. Na tarar da taubashiyata a ɗakin Kawu tana naɗe wayoyi tana sawa a kwali. Na tsaya a bakin ƙofa.

"Shigo mana, bawa. Ko sai an ce a gaya maka?"

Na shiga na zauna a kujera. Ta ci gaba da naɗi.

"Kowa ya zo sai ya ce kai ne maraya," ta ce. "Har mata a cikin gida. Ni sai a ce mani in yi haƙuri in kula da Inna." Ta ɗaure wata waya ta jefa a kwali. "Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma ban da wasa. Ya taɓa yin maganata in ba ni nan? Ba noti ba, ba wanke hannu ba."

Ina iya cewa a'a, ba mai ƙaryata ni. Na dubi hannuwanta, duk tabon reza.

"Sau ɗaya. Ranar sanyi, a bakin hanya."

Ta ajiye wayar.

"Ya ce: 'Hannun yarinyar nan ya wuce kaina. Abin da nake tunani, kafin in gama ta riga ta yi. Da inda ake da sanyi aka haife ta, da labarinta za ka karanta.'"

Ta juyo ta fuskance ni.

"Sunana ya faɗa, ko 'yarinyar nan'?"

"'Yarinyar nan' ya ce."

Ta gyaɗa kai. "To shi ne ya faɗa. Da ka ce suna, da na san ƙari ka yi." Ta sa gefen mayafi ta danne idonta, ɗaya bayan ɗaya, ta koma kan kwalinta.

Na bari ta naɗe waya biyu, sannan na yi tawa tambayar. Muryata ta fito daidai, kamar a gaban makirfo.

"Ni fa? Ya taɓa ce miki wani abu a kaina?"

Ta ɗago ta dube ni, ba da wasa ba, ba kuma da mugunta ba.

"Ta bakin wa zai faɗa mani?"

Na tambayi Inna daga baya, ta ce Malam ba ya zancen 'ya'ya da ita. Na tambayi mahaifiyata, ta ce kullum yana cewa ina da murya.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya makwancinsa, ya sa abin da ya koyar ya bi shi. Da Inna ta fita takaba aka kwashe ɗakin. Faranti da mita da sauran duwatsun suna ɗakin gwaje-gwaje na makarantar da taubashiyata ke koyarwa. Wannan rubutun na kai mata kafin kowa ya gani. Ta gyara mini bayanin turjiya da na tangaran da jan biro. Sauran ba ta taɓa ba.